Inuwar da Masta ya bari ba ta bushe ba

Masta Mumuni ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, almakashi a hannuna, ina tsaka da yanka leshin wata kwastoma a shagona na Buokrom. Anti Akos, mai gasa ayaba a ƙofar shagonsa, ita ta kira ni a waya. Ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Rabi, Masta ya tafi o. Ya tafi koraa, gaba ɗaya."

Na ce ya tafi ina? Wallahi abin da na ce ke nan. Na ɗauka asibiti take nufi, ko wajen ƙanwarsa a arewa. Sai da na ji ta fashe da kuka tana magana da Twi sannan na zauna a ƙasa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

An kai shi makwancinsa a maƙabartar Tafo bayan azahar. Ni kuma har yanzu kaina bai dawo daidai ba, don haka in kun ga rubutun nan ya karkace ku yi min haƙuri. Mutumin da aka binne ɗazu, fentin da ya shafa da hannunsa ranar Asabar bai bushe ba. Yana nan ɗanye a kan hoton da nake zanawa. Ɗansa ya roƙe ni in goge shi kafin ya bushe, kuma tun rana nake juya maganar na kasa gane gabanta da bayanta.

Bari in faro daga farko, saboda waɗanda ba su san shi ba.

Masta mai fenti ne a unguwar Alabar, a wani ɗan shago tsakanin mai sayar da dardumar salla da mai gyaran rediyo. Allunan shagunan layin nan da yawa rubutunsa ne. Ni ma ta haka na san shi: na je ya rubuta min allon shagon ɗinki. Na ce ruwan hoda nake so. Ya haɗa, na ce wannan ai miyar tumatir ce da ruwa ya yi wa yawa. Ya ƙara fari, na ce yanzu kuma ya koma maganin ciwon ciki na yara. Sai ya ajiye wuƙar haɗa fenti, ya dube ni ta saman tabarau.

"Madam Tela, ke allo kika zo nema ko faɗa?"

Na ce, "Duka biyu."

Ya miƙo min wuƙar. "To haɗa da kanki."

Na haɗa. Ya daɗe yana kallon gilashin tagar da yake haɗa fenti a kai, sannan ya ce, "Ranar Asabar in kin rufe shago ki zo. Idonki ya fi bakinki, kuma bakin ma ba dama."

Daga ranar ban ƙara jin ya kira ni Rabi ba.

A bangon shagon akwai wani hoto da ya yanko daga tsohuwar kalanda, ya manna a katako ya rufe da leda. Wani gari ne na Turai da ruwa ya zama musu titi. Manyan gidaje a jere, ƙafafunsu cikin ruwa, tagogi kamar ba za su ƙare ba, wani katon gini mai ƙubba a can ƙarshe, ga dogayen kwale-kwale baƙaƙe. Wani Bature ne ya zana shi da fentin mai, ya mutu tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Masta bai taɓa kiran sunansa ba. Dattijo yake ce masa, kamar wani abokin sana'a ne da ya fita salla yanzu zai dawo. Garin kuma Garin Ruwa. Hoton kalandar shi yake kira uwa.

Daga baya na nemo hoton a waya na nuna masa, tar da shi. Ya kalla sau ɗaya ya ce in rufe, wai wayar ta shafa wa Dattijo hoda.

Duk wanda zai koyi fentin mai a hannunsa, uwa zai kwafa. Babu fure, babu kwanon lemo. Garin Ruwa kawai, taga bayan taga.

Ranar farko na ɗauka buroshi zai ba ni. Ƙusa ya ba ni da zare. Ya sa na soka 'yar ƙusar a wani wuri a kan kanbas, wato yadin da ake zane a kai, inda ya ce duk rufin gidajen da bakin ruwa suke gudu su haɗu. Na ɗaura zaren, ina jan shi zuwa gefe ina bin sa da fensir. Na ce Masta, na baro zare a shago na zo na tarar da zare. Ya ce to ai shi ya sa ya ɗauke ni.

Na daɗe ina tagogi. Na daɗe ƙwarai. Akwai lokacin da in na rufe ido a tirotiro, motar hayarmu, tagogi nake gani.

Ya koya min a fara da jar ƙasa a shafe kanbas duka kafin a sa komai. A sa siririn fenti a ƙasa, mai kauri a sama. Kar a taɓa yin inuwa da baƙi, a haɗa shuɗi da ja har su yi duhu da kansu. Kuma a duba daga ina rana take. A uwa, rana daga hagu take, don haka duk inuwar garin dama take kwanciya. In na manta sai ya ƙwanƙwasa katakon da sandarsa ya ce, "Rana nawa ce a garinki?"

Amma abin da ya fi komai a wajen Masta shi ne ba ya zana mai rai.

A uwa akwai mutane birjik: masu tuƙa kwale-kwale, masu hira a kan matakala, wani da kare. A kwafin Masta da na duk wanda ya koya a hannunsa, babu ko ɗaya. Da ƙuruciyarsa, an ce, babu wanda ya kai shi zana kawuna a allon wanzamai da fostar sinima. Bayan rasuwar mahaifinsa ya daina. Bai taɓa yi min wa'azi a kai ba. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce, "Ni ban ce wa kowa komai ba. Hannuna ne dai ya daina." Shi ya sa ya maƙale wa gine-gine, su babu wanda zai ce ka busa musu rai.

Ni kuma kun san ni. Kowace Asabar sai na yi mita. Na ce Masta, garin nan kamar kasuwar Kejetia lokacin kullen annoba, ko akuya babu. Na ce ko mutum ɗaya ne ka bar ni in sa, ya juya baya ma, ba sai an ga fuskarsa ba.

"Ki gama tagogi tukuna."

Kwafina na farko, na cire mutanen tsaf kamar yadda ya ce. Na kawo masa ina jiran yabo. Ya duba, ya cire tabarau, ya mayar, sai ya fara dariya. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Anti Akos ta leƙo da ruwa a leda.

Ashe na cire mutanen na bar inuwarsu. A kan matakala, a bakin ruwa, a cikin kwale-kwale, inuwa ko'ina babu masu ita. Ni na ɗauka tabon dutse ne, na kwafe su da gaskiyata.

"Madam Tela," in ji shi, yana share hawaye, "kin kori mutane kin bar mana aljanu. In kin cire mutum ki cire inuwarsa. Ɗauko tsumma."

Na goge su ɗaya bayan ɗaya ina kumbure-kumbure, shi kuma yana gefe yana cin ayabarsa da gyaɗa.

Wannan dokarsa ce: duk abin da ba daidai ba, a goge shi tun yana ɗanye. Fentin mai yana ba ka kwanaki ka yi tunani, amma in ya bushe ya zauna ke nan.

Akwai wata dokar kuma, wadda ban taɓa ɗauka da muhimmanci ba sai yau. Masta ba ya sa buroshinsa a hoton ɗalibi. Zai nuna da sanda, zai yi faɗa, zai miƙo maka tsumma, amma ba zai taɓa ba. Wata rana ƙubbar nan ta gagare ni, ta koma kamar kwanon tuwo da aka kife a karkace. Na ce don Allah ya gyara min da kansa, layi ɗaya kawai. Ya sa hannuwansa a baya.

"A shagon nan, wanda ya taɓa hoto a ƙarshe shi ne mai shi. In na taɓa ya zama nawa. Ni kuma ba na son kwanon tuwo."

Haka yake. Tsokana a baki, alheri a hannu.

Lokacin da maigidana ya fara ƙorafin cewa kowace Asabar ina dawowa da warin kananzir, Masta da kansa ya hau tirotiro ya zo Buokrom gaishe shi. Ban san me suka tattauna ba. Na dai fito na tarar yana rubuta mana lambar gida a jikin get, maigidan yana riƙe masa gwangwani.

Lokacin da Mmata, mahaifiyata, ta rasu, na koma shagon bayan an gama adua, wato addu'ar zaman makoki, ban iya riƙe fensir ba. Ya haɗa min kore da toka a gilashi, ya ce, "Yau ruwa kawai za ki yi." Na yini ina shafa ruwa ina kuka, shi yana rubuta allon wani mai shayi, ya juya min baya don kar in ji kunya.

Kuma ba a kiran salla ya bar ka ka tashi haka. Sai ya duba yatsunka. "Fenti ba ya barin ruwa ya taɓa fata. Kananzir, sabulu, sannan alwala." Ko ɗigo ne a gefen farce sai ka koma.

To, ranar Asabar da ta wuce.

Kwafin da nake kai yanzu shi ne wanda na fi daɗewa a kansa, kuma shi ne karo na farko da na ji a raina na kusa. Tagogin sun tsaya. Ƙubbar ta zama ƙubba. Da la'asar Masta ya taso daga bencinsa ya tsaya a bayana, inda ya saba tsayawa. Ya daɗe yana kallon hoton, har na fara neman laifina da kaina.

Sai ya ce, "Garin nan ya yi shiru da yawa."

Na juyo na dube shi. Na ce Masta, shekara nawa ina faɗa maka?

Ya zare buroshin daga hannuna. Ya dangwali shuɗi, ya dangwali ja, ya tsoma a mai, ya juya a gilashi. Ya sunkuya, a kan matakalar da take gangarawa cikin ruwa ya ja layi ɗaya, gajere, mai ɗan kauri a ƙasa.

Inuwar mutum ce. Babu mutumin.

Na ce, "Masta! Kai ma aljanu?"

Ya mayar min da buroshin yana murmushi. "Bar shi ya sha iska. Asabar mai zuwa ma yi magana."

"Ka taɓa min hoto fa."

"Na taɓa."

Ya goge yatsunsa, ya ɗauki butarsa ya fita. Ni kuma na tattara kayana ina ta surutu, na ce wa Anti Akos tsohon nan yau ya sha wani abu. Ko sallama ta kirki ban yi masa ba, daga bakin titi na ɗaga masa hannu yana alwala.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Yau da na isa gidansu an riga an cika. Na zauna a ɗakin Mma Hawa, matarsa, cikin mata. Ta ce jiya lafiya ya kwana, ya tashi asuba ya yi salla, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kafin a samo taksi ya cika.

Da aka fita da shi, ɗakin ya ɗan lafa, ta kamo hannuna.

"Ke ce Madam Tela ko? Ranar Asabar ya dawo yana dariya shi kaɗai. Na ce Malam lafiya? Ya ce ya haɗa Madam Tela da aiki."

Na ce, "Mma, wane aiki?"

"Ni ina na sani, 'yata? Bai faɗa ba."

Sannan ta ƙara da cewa kwanakin nan idonsa ya yi rauni paa, ya ɓoye wa kowa. Wai ran nan shayi ya zuba a gefen kofi, ya ce tebur ne ya motsa.

Kun ga inda kaina ya fara kullewa. Aiki ya ba ni, ko idonsa ne ya yaudare shi? Izini ya ba ni in sa mutumin da na daɗe ina roƙo, ko tsokanata yake da kuskurena na farko? Ko gwada ni yake, ya ga in zan ɗauki tsumma in goge kuskure ko da na Masta ne? Duk ukun sun yi kama da shi. Wallahi duk ukun.

Kuma bakina ba ya ajiye magana, nan na kwashe labarin inuwar na faɗa wa Mma Hawa. Ban san maza sun dawo daga maƙabarta ba, Razak, babban ɗansa, yana tsaye a bakin ƙofa, jar ƙasa har gwiwar wandonsa.

Ya jira na fito tsakar gida. Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga ma da ya fi min sauƙi.

"Anti Rabi, da gaske Baba ya zana?"

Na ce inuwa ce kawai, ba mutum ba.

"Inuwar me ce, Anti?"

Kafin in buɗe baki ya ci gaba.

Ya ce, "Tun kafin a haife ni ya bar wannan abu. Kin fi ni sanin yadda ya tsare hannunsa. Yanzu na sa shi a ƙasa da hannuna, ba na so a ce aikinsa na ƙarshe shi ne abin da ya gudu duk rayuwarsa. Idonsa ba ya gani sosai, Anti, bai san me ya yi ba. In bai bushe ba, don Allah ki goge."

Ya ciro makullin shagon daga aljihu ya sa min a tafin hannu. Yana kuka, ina kuka. Na ce yoo, wato to, zan yi.

Ku fahimce ni, ban ga laifin Razak ba. Tsoron da yake ji wa babansa ne, kuma ni ma na ji shi. In akwai abin da zai yi wa Masta nauyi a inda yake, wace ce ni da zan riƙe shi don kawai ina kewarsa? Kuma dokar ma ta Masta ce, a goge tun yana ɗanye.

Amma shi ne kaɗai wurin da hannunsa ya taɓa aikina. Duk shekarun nan, layi ɗaya.

Na isa Alabar bayan la'asar, an ɗan yi yayyafi an ɗauke. Anti Akos ba ta hura wuta ba yau, tana zaune a kan bencinta hannu a kumatu. Na buɗe shagon. Tabarmarsa tana naɗe a inda ya bar ta, allon wani mai kemis rabi a rubuce.

Na zuba kananzir a tsumma na tsaya gaban hoton.

Nan na ga abin da ban lura da shi ba ranar Asabar, saboda surutu ya cika min ido. Inuwar a juye take. Duk inuwar Garin Ruwa dama take kwanciya, tasa hagu ta kwanta.

Mutumin da ya ƙwanƙwasa min katako da sanda har na gaji a kan rana nawa ce a garina, shi zai juya inuwa? Na ce shi ke nan, Razak ya yi gaskiya, tsohon ba ya gani. Na ji wani irin baƙin ciki, har da haushi, wai me ya sa bai faɗa min ba, ina ta kawo masa tagogi yana cewa wannan ta karkace, ashe ko ganinsu ba ya yi.

Na ɗaga tsumman.

Sai hadarin ya buɗe, rana ta shigo ta ƙofa, kamar yadda take shigowa kowace la'asar. Ƙofar shagon a dama take in kana fuskantar hoton. Na ga inuwar gwangwanin buroshi a kan tebur ta kwanta hagu. Inuwar hannuna da tsumman, hagu. Na matsa baya na tsaya inda yake tsayawa, na dubi tawa a ƙasa. Hagu, da irin karkatar da ya ja.

Ba ranar Garin Ruwa ya bi ba. Ranar Alabar ya bi.

To me ke nan? Wanda yake tsaye a kan matakalar nan ɗan Zongo ne, mutumin nan Alabar? Shi ne? Ni ce? Ko kuwa ni ce nake ƙulla magana saboda ba na son gogewa, alhali tsoho ne kawai ya ga haske daga dama hannunsa ya bi? Na tsaya ina tambayar kanbas kamar mahaukaciya. Na dubi uwa a bango, Dattijo ma bai ce komai ba.

Anti Akos ta leƙo ta ce, "Rabi, kai yana magana da wa?"

Na ce ba kowa, Anti.

Ta shigo ta kalli hoton, ta karkata kai. "Ebei. Wannan Masta ne. Haka shi yana tsaya, ƙafa ɗaya gaba."

Na ce Anti, layi ɗaya ne fa.

"Ni na gani shi kullum a bayanki," in ji ta, ta koma bencinta.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye ba. Na dai ce bari in duba ko ma ya riga ya bushe, in ya bushe an raba ni da gardama. Na sa ɗan yatsana a hankali a gindin inuwar.

Bai bushe ba. Ya biyo yatsana, shuɗi mai duhu, sanyi kamar yanzu aka shafa. A kan matakalar kuma ga shatin yatsana ya zauna, daidai inda ƙafafun mutumin za su tsaya.

Ina kallon yatsan aka kira magariba.

Fentin ƙarshe da Masta ya haɗa yana kan fatata, kuma ba ni da halin yi masa addu'a a salla sai na kankare shi. Na zauna a bakin ƙofa inda yake zama, na yi yadda ya koya min. Kananzir, sabulu, sannan alwala. Na duba gefen farce da kaina, tunda babu mai duba min.

Yatsana na goge. Hoton ban goge ba.

Razak, na san za ka ga wannan kafin in kawo maka makulli, shi ya sa na rubuta a nan, don a gabanka bakina ba zai iya ba. Na ce maka yoo, kuma ban cika ba. Ka yafe min. Har yanzu ban san abin da babanka yake nufi ba, kuma na fara gane cewa ba zan taɓa sani ba, Asabar ɗin da ya ce ma yi magana ba za ta zo ba.

Amma ka san dokar shagon nan, a cikinta ka girma. Wanda ya taɓa hoto a ƙarshe shi ne mai shi. Ranar Asabar ya zama nasa. Yau na taɓa. Ban yi da niyya ba, amma shatin yatsana ne a kai, kowa zai iya zuwa ya gwada. Aikin babanka na ƙarshe allon mai kemis ne, ga shi nan rabi, haruffa ne zalla.

Ni ba malama ba ce, ban san ko haka ake duba abin a can ba. Na dai roƙi Allah a sujada, in akwai tambaya a kan inuwar nan, a yi mini ita, a bar tsohon ya huta.

Allah Ya jiƙan Masta Mumuni. Allah Ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, Ya haskaka kabarinsa, Ya yalwata masa shi. Allah Ya ba Mma Hawa da Razak da ƙannensa haƙuri, Ya ba mu mu ma da muka saba jin sandarsa a kan katako.

Duk wanda ya karanta har nan, ko ka san shi ko allon shagonka kawai ya rubuta, don Allah kar ka wuce. Ka tsaya ka karanta masa ƙulhuwallahu, ka sa shi a addu'arka ta yau. In da saura, ka sa da ni.